Yawan muƙaloli ne ke nuna girman masanin tattalin arziki?

Tambaya: Malam, ina shirin yin digiri na uku a tattalin arziki, kuma akwai farfesoshi biyu da nake so ɗayansu ya duba aikina. Na farko ya wallafa muƙaloli fiye da ɗari. Na biyun nasa ba su kai ashirin ba, amma sunansa ya fi yawo a bakin malamai. Da me ake auna tasirin masani a wannan fanni?

Amsa: Kada tsawon jerin muƙaloli ya ruɗe ka. 'Yan fannin nan sukan fara tambayar inda aka buga aiki kafin su tambayi yawansa. Mujallu biyar ne ake yi wa kallon ƙololuwa: American Economic Review, Econometrica, Journal of Political Economy, Quarterly Journal of Economics da Review of Economic Studies. A manyan jami'o'i, muƙala ɗaya a cikinsu tana iya rinjayar goma a ƙananan mujallu idan an zo ƙarin girma. A ganina an wuce gona da iri wajen girmama su, amma haka abin yake tafiya.

Sai ambato, wato sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikinsa. Shafin intanet na Google Scholar yana ƙirga wannan, wani shafin kuma mai suna RePEc yana jera masana tattalin arziki daki-daki. Nan za ka ci karo da ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch, masanin fiziks, ya fito da shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 20 ne, ana nufin yana da muƙaloli 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Ka ga aibinsa a fili: mai muƙaloli goma sha biyar ba zai taɓa wuce 15 ba, ko da kowace ta girgiza fannin. Kuma yana fifita wanda ya daɗe a aiki a kan sabon shiga.

Dubi Ronald Coase. Lambar Nobel da ya karɓa a 1991 ta rataya ne musamman a kan muƙaloli biyu, ta 1937 da ta 1960. Labarin George Akerlof ya fi ba ni sha'awa. Ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya san lahanin motarsa, mai saye bai sani ba. Mai saye sai ya ƙi taya mota da daraja, masu motoci na ƙwarai su janye, a bar kasuwa da tarkace. Mujallu uku suka mayar masa da wannan aiki, biyu suka ce bai taka kara ya karya ba, ta uku ta ce ma ba daidai ba ne. Ya fito a 1970, kuma shi ya kai shi ga Nobel a 2001.

Ambaton ma ba duka ne yabo ba. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff sun ce idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, haɓakar tattalin arziki takan yi ƙasa sosai. 'Yan siyasa masu ra'ayin tsuke bakin aljihu suka yi ta kafa hujja da su. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalin lissafin, ya tarar an tsallake wasu ƙasashe wajen ɗaukar matsakaici. Masu yabo da masu suka duk lamba ɗaya suke ƙarawa a ƙirgen ambato.

Game da farfesoshinka, ɗauki muƙaloli uku mafi shahara na kowanne ka karanta da kanka. Duba ko masu ambatonsa almajiransa ne kawai da shi kansa, ko har baƙi sun ari hanyarsa. Kada matsayin suna a kan muƙala ya dame ka, don a wannan fanni galibi bisa jerin haruffa ake rubuta sunayen marubuta. Tunda mai duba aiki kake nema, nemi tsofaffin ɗalibansu ka tambaye su shekara nawa suka yi kafin su kammala, kuma kwana nawa babi yake yi a teburin malam kafin ya dawo da gyara.