Na gama digiri, ina so rubutu ya zama sana'ata

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta Tarihi a jami'a, yanzu ina hidimar ƙasa. Burina in ci abinci da alƙalami, amma ban karanta aikin jarida ba. Ta ina zan fara? Ko in buga littafin da na rubuta tun ina aji uku?
Daga wata mai karatu a Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rashin digirin jarida ba zai tare miki hanya ba, domin abin da edita ke fara dubawa shi ne rubutun da kika ajiye masa a gaba. Ki yi amfani da wannan shekarar, tunda alawus na shigowa, ki tara rubuce-rubuce biyar ko shida masu kalmomi 600 zuwa 800. Tarihin da kika karanta jari ne: ki rubuta asalin wata kasuwa ko wata sana'a a garin da aka tura ki, ki zauna da dattawa, ki ɗauki muryarsu a waya. Sai ki aika wa jaridu irin su Aminiya da Leadership Hausa, da gajeren bayani na layi uku a sama. Abin da ke kayar da sababbin marubuta shi ne ƙa'idar rubutu: haɗa kalmomin da ake rabawa, da barin ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ. Editan da ya ga gyara zai cinye masa awa guda yakan ture takardar gefe.

In ƙagaggen labari ne a ranki, BBC Hausa na shirya gasar Hikayata ta mata zalla tun 2016. Ki kuma nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, a jihar da kike, ki riƙa karanta aikinki a gaban masu gyara.

Batun littafi kuwa, ki dakata tukuna. A nan ne kuɗin mutane ke nutsewa. Marubuci ya buga kwafi 1,000 da guminsa, ya raba wa masu shaguna bashi, kuɗin su riƙa dawowa kaɗan-kaɗan har jarin ya narke. Ki fara ba mutum biyu da ba sa jin nauyinki su karanta, ki biya mai tace rubutu, ki karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa, sannan ki buga 200 ki ga yadda kasuwa za ta karɓa. Idan a waya za ki sayar, ki sani duk littafin da ya shiga zauren WhatsApp ya fita hannunki, shi ya sa wasu ke sakin nasu babi-babi ga waɗanda suka biya.

Kuma duk wanda ya nemi labarinki don fim ko rediyo, kada ki miƙa sai da yarjejeniya a rubuce: nawa za a biya, yaushe, kuma haƙƙin mallaka na hannun wa.