Hukuncin Barin Cin Nama Don Neman Lafiya, Da Haƙƙin Iyali A Kan Mai Yin Hakan

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 46. Bara likita ya tabbatar mini da hawan jini, ya ce in rage ƙiba, in rage jan nama da maiƙo. Daga nan na shiga kallon bidiyoyi a YouTube na mutanen da suka bar nama ɗungurungum, suna cewa sun samu lafiya, wasunsu ma suna cewa yanka dabba zalunci ne. Yau wata huɗu rabona da nama, kuma ina jin sauƙi a jikina. Yanzu so nake in bar kifi da ƙwai da nono su ma, in kuma daina sayen nama a gidana baki ɗaya. Matata tana shayar da jariri ɗan wata biyar, ga wasu yaran uku. Mahaifiyata ta ce bidi'a na shigo da ita gida. Ga babbar salla tana matsowa. Mene ne hukuncin abin da na yi da wanda nake shirin yi?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba ka lafiya, ya raya jaririn nan a kan sunna.

Ɗan'uwa, barin naman da ka yi don lafiyarka halal ne, babu laifi a kanka. Cin nama ba ya cikin wajibai. Asalinsa halacci ne, kuma abin da yake halal mutum na da zaɓin ya ci ko ya bari. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, da aka faɗa masa ko mene ne sai ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa. To idan rashin sabo kaɗai ya isa uzurin barin wani nama, ina ga wanda likita ya ce masa ya rage?

Amma akwai jumla ɗaya a wasiƙarka da ta tsaya mini a rai, ita ce maganar cewa yanka dabba zalunci ne. A nan ne nake so ka tsaya ka binciki zuciyarka da kyau, domin hannun da ya janye daga kwanon nama saboda hawan jini da wanda ya janye saboda yana ganin cin naman laifi ne, a ido ɗaya suke, amma a wurin Allah tsakaninsu akwai nisa ƙwarai. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 87: "Ya ku waɗanda suka yi imani, kada ku haramta daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta muku, kuma kada ku ƙetare iyaka." A Suratun Nahli, aya ta 5, ya lissafa dabbobin gida cikin ni'imominsa, ya ce daga gare su kuke ci. Kuma a ruwayar Muslim daga Anas, wasu sahabbai sun tambayi matan Annabi (SAW) ibadarsa ta ɓoye, sai wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, wani ya ce ba zai kwanta a shimfiɗa ba. Annabi bai yaba musu ba, sai ma ya ce wanda ya ƙi sunnarsa ba ya tare da shi. Ka lura, waɗannan neman kusanci ga Allah suke yi, amma duk da haka aka mayar musu da abinsu. Saboda haka duk wanda ya bar nama yana ganin barin ibada ne, ko tsarkin rai ne, ya faɗa bidi'a. Wanda kuwa ya ƙudurce cewa abin da Allah ya halatta zalunci ne, bayan hujja ta iso masa, lamarinsa ya fi haka muni, domin ya tuhumi Mai shari'ar ne da kansa.

Tausayin dabba da masu bidiyon suke magana a kai, mu ma an umarce mu da shi, ta hanyarsa. Hadisin Shaddad ɗan Aus a Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku yanka ku kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Kuma in dai gaskiya za a faɗa, muna da sakaci a nan. Kajin da ake ɗaure wa ƙafa a rataya su kai a ƙasa a jikin babur tun daga ƙauye har cikin gari, da ragunan da ake jibga a bayan mota cikin rana babu ruwa gab da salla, wannan ba koyarwar Musulunci ba ce. Idan ranka ya sosu da irin wannan, to ya sosu a muhallinsa. Gyaransa shi ne a kyautata wa dabbar.

Rage nama kuwa, magabata sun riga likitoci faɗa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ce ku kiyayi nama, domin yana da sabo irin sabon giya. Nana A'isha ta ce sukan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, sai dabino da ruwa, alhali shi ɗin dai an san yana son naman ƙafar gaba idan ya samu. Ci idan an samu, ba tare da an mayar da shi farillar kullum ba. Binciken zamani ma bai yi nisa da wannan ba. A shekarar 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadarin adanawa cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanji, ta ce cin giram 50 nasa kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari, jan nama kuma ta ce mai yiwuwa ne yana haddasawa. Don haka mutumin da ya saba kowane dare sai ya tsaya wurin mai tsire ko mai balangu, ya haɗa da kitse da lemon kwalba, idan ya daina dole jikinsa ya gode masa.

Sai dai kada ka jingina sauƙin da ka samu ga barin nama kaɗai. Ga mai hawan jini gishiri ne babban abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen da ake marmasawa a miya har uku har huɗu yawancinsa gishiri ne. Mutum yana iya barin nama ya koma kan farar shinkafa da taliya da burodi da soyayyen abu, sai ya wayi gari ƙibar tana nan, suga kuma ya biyo baya. Maganin da likita ya ɗora ka a kai kuwa, kada ka ajiye shi don ka ji daɗin jikinka, sai shi ya ce ka ajiye. Hawan jini ciwo ne da yake cin mutum ba tare da ya ji ba.

Ta fuskar sinadarin gina jiki ba ni da fargaba a kanka, domin Allah ya wadata ƙasar nan. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na wannan sinadari wanda wake yake da shi a yalwace, shi ya sa haɗa su yake cike giɓin. Iyayenmu sun daɗe suna yi ba tare da an karanta musu ba: garau-garau, ƙosai da koko, ɗanwake, alale, tuwon dawa da miyar gyaɗa, miyar kuka da ta ji daddawa, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, ga awara da yanzu babu lungun da ba a soya ta a Kano. Wanda yake da Dawanau don hatsi da wake, da 'Yankaba don ganye da kayan miya, da 'Yan Lemo don kayan marmari, ba zai rasa abin ci ba. Sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini ma akwai shi a wake da ganye, illa dai jiki bai cika zuƙarsa kamar na nama ba. Matsa lemon tsami a kan abincin, ko cin gwaiba ko lemon zaƙi tare da shi, yana taimakawa. Shan baƙin shayi nan take a kansa kuma yana ragewa, don haka a ba da tazara.

Inda na ce ka dakata shi ne barin kifi da ƙwai da nono. Akwai bitamin B12, wanda ba a dogara da samunsa a tsirrai, sai a abin da ya fito daga dabba, ko a ƙwayar magani, ko abincin da aka ƙara masa shi. Abin da baligi yake buƙata kaɗan ne ƙwarai, wajen maikirogiram 2.4 a yini, amma da shi jiki yake gina jini ya kuma kare jijiyoyi. Hatsarinsa shi ne hanta tana ajiye shi har na shekaru, sai mutum ya yi shekara biyu ko uku yana cewa lafiyarsa lau, daga baya gajiya ta fara, tafin ƙafa da yatsu su riƙa sagewa kamar ana tsira allura, mantuwa ta shigo, kuma idan aka yi jinkiri lahanin jijiya yana iya zama bai warke ba. Wata huɗun da ka yi bai isa shaida ba tukuna. Ƙa'idar shari'a ita ce babu cuta babu cutarwa, kuma Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. Saboda haka shawarata ka riƙe ƙwai da kindirmo da kifi. Idan ka nace sai ka bar su, ya halatta da sharaɗin ka riƙa shan wannan bitamin a bisa tsarin likita, ana kuma duba jininka lokaci zuwa lokaci. A manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano akwai masana abinci da aikinsu ke nan. Barin kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya ba tare da madadi ba, bayan ka san illar, bai halatta ba.

Daina sayen nama a gida kuwa, wannan ba ka da ikon yin sa muddin kana da hali. Jikinka naka ne ka tsara masa, amma ciyarwa haƙƙin matarka ne da 'ya'yanka, kuma ana auna ta ne da al'adar gari da ƙarfin aljihun miji. Malaman mazhabarmu ba su bar maganar a dunƙule ba. Shehu Khalil a Mukhtasar, a babin ciyarwa, ya lissafa abin da ake wajabta wa miji: ruwa da mai da itace da gishiri, da nama lokaci bayan lokaci. A wurin kuma ya ce mai shayarwa ana ƙara mata abin da za ta samu ƙarfi da shi. Ka duba hikimar iyayenmu mata da ƙaurin da ake dafa wa mai jego, tukunya tana tafasa tun asuba, ana zuba mata romo mai zafi da yaji a kwano kafin kowa ya karya. Ba su san sunan wani bitamin ba, amma sun san wadda ta zubar da jini kuma take shayarwa tana buƙatar abin da zai mayar mata. Jaririnka yanzu daga nonon uwarsa kaɗai yake samun B12, idan nata ya yi ƙasa nasa ma ya yi, kuma a wannan shekarun ƙwaƙwalwa take ginuwa. Nan da wata ɗaya zai fara cin abinci, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaro daga wata 6 zuwa 23 ya samu nama ko kifi ko ƙwai kullum. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Masu bidiyon da kake kallo galibinsu suna magana ne daga ƙasashen da nama ya yi wa mutane yawa. A unguwanninmu kuwa gidaje nawa ne yaro yake ganin tsoka sai ranar suna ko salla? Wanda Allah ya hore masa, bai kamata ya mayar da 'ya'yansa cikin wannan lissafi da hannunsa ba.

Layya tana nan a kanka, sunna ce mai ƙarfi ga mai iko, kuma rashin cin namanka bai sauke ta ba, domin ibadar tana cikin zubar da jinin ne don Allah. Ci daga gare ta mustahabbi ne, saboda faɗin Allah a Suratul Hajji cewa ku ci daga gare ta ku ciyar. Idan ba ka ci ba layyarka ta inganta. Amma ni da za ka ji tawa, ka ɗanɗana ko yanka ɗaya ne na hanta ranar salla, in dai likita bai hana ka ba. Loma ɗaya ba za ta tayar da hawan jini ba, kuma za ta zame maka shaida a kan zuciyarka cewa ba haramtawa kake yi ba.

Hajiya kuma kada ka yi jayayya da ita. Tsoronta yana da tushe, domin ta ga ɗanta ya bar abin da ta san Annabi ya ci. Ka je ka durƙusa ka gaya mata umarnin likita ne, ka ce mata ka san nama halal ne, jikokinta kuma ba za su rasa shi ba. Idan ta aiko maka da farfesu, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, ka sha romon gwargwadon abin da ba zai cutar da kai ba, sauran ka miƙa wa mai shayarwa.

Wallahu a'alam.