Amsa ga mai son zagaya tsibiran Zanzibar a jirgin iska

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ku shida ne, abokai tun makaranta, kuna son hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska a watan Agusta, ku tashi daga Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ku riƙa kwana a kan ruwa har ku dangana da tsibirin Pemba da ke arewa da shi, kuma babu wanda ya taɓa hawa teku a cikinku. Na yi irin wannan tafiya da abokaina a can, kuma da zuciya ɗaya nake muku fatan ku yi ta. Roƙona kawai shi ne ka cire Pemba daga lissafi, ka kuma sake duba watan.

Dalilina iska ce. A gaɓar gabashin Afirka iska biyu ke mulkin shekara. Daga Disamba zuwa Maris kaskazi ce ke kaɗawa daga arewa maso gabas, kuma tana da sauƙin hali. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba sai kusi ta karɓa daga kudu maso gabas, ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma Yuni zuwa Agusta ne ganiyarta. Ƙarshen Maris zuwa Mayu kuwa daminarsu ce babba, ba lokacin yawo ba ne. Tsakanin Nungwi, can ƙuryar arewacin Unguja, da kudancin Pemba akwai kusan kilomita 50 na buɗaɗɗen teku mai zurfi da igiyar ruwa, babu inda za ku raɓa idan abu ya ɓaci. A wannan mashigin ne jirgin Spice Islander ya nutse a Satumban 2011 saboda lodin da ya fi ƙarfinsa, ɗaruruwan mutane suka rasu. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. In kuna da zaɓi, ku je a Oktoba ko tsakanin Janairu da Fabrairu. In kuma hutun Agusta kaɗai kuke da shi, ku tsaya a yammacin Unguja inda tsibirin ke tare muku iska. Mai son ganin Pemba ya hau jirgin sama.

Abu na biyu, wanda 'yan Arewa ba mu saba da shi ba ko kaɗan, shi ne cika da janyewar teku. Sau biyu a yini ruwa ke cika ya janye, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Idan wata ya kama da kuma idan ya kai sha huɗu, bambancin kan kai kusan mita 4. Saboda haka ku riƙe kalandar Musulunci a hannu lokacin tsara ranaku, za ta yi muku amfani. Na ga inda muka sauka da hantsi ruwa na kai mana ƙirji, kafin azahar jirgin ya kwanta a gefensa a kan yashi, mata na tafiya da sanda cikin duwatsun murjani suna neman pweza, wannan halittar mai hannuwa takwas, a wurin da ɗazu kifi ke iyo. Nakupenda da ake ta ɗorawa a Instagram tudun yashi ne kawai a gaban Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ruwa na cika sai ya ɓace. Idan nahodha, wato shugaban jirgin, ya ce a tashi ƙarfe biyar na asuba ko a zauna har la'asar, kada wani ya ja da shi don ya biya kuɗi. Duk wata fitina da na gani tsakanin baƙi da matuƙa daga nan take farawa, an zo da jadawali daga gida ana son teku ta bi shi.

Game da jirgi, iri biyu ne a gabanku. Akwai katamaran na zamani, mai ɗakunan kwana da banɗaki da firji, bai cika tangaɗi ba, amma tsadarsa ba wasa. Akwai kuma jirgin katako na gargajiya, jahazi ko ƙaninsa mashua, irin wanda har gobe ake sassaƙawa da hannu a bakin ruwan Nungwi. Ni na katakon nake so. Lokacin da aka kashe inji, samari uku suka ja igiya suna waƙa, babban ƙyallen nan mai kusurwa uku ya hau ya cika da iska, ba ka jin komai sai kukan katako da ruwa na wucewa ta gefe. Mai dafa abinci na gaba yana gasa kifin da aka kama a hanya a kan gawayi, ga shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa, ga shayi mai citta da kanumfari. Sai dai ku sani banɗakin irin wannan jirgi sau da yawa akwati ne da ke rataye a baya, kuma shimfiɗa a fili take. Ga sababbin shiga, ku yini a ruwa ku kwana a tudu, ku bar dare ɗaya kacal na kwanan jirgi a wuri mai lafiya.

Wuraren zuwa ba za su ƙare muku ba. Tsibirin Changuu na da manyan kunkuru irin na Aldabra da aka kawo daga Seychelles a 1919, da ginin kurkukun 1893 wanda ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, killace masu cuta aka yi da shi. Chumbe tsibiri ne da ake karewa, sai an nemi izini tun kafin a je. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne yankin Menai, ana tashi daga ƙauyen Fumba a bi ta tsibiran Kwale da Pungume, akwai wata tsohuwar kuka a Kwale da za ta tuna muku gida. Mnemba ana iyo a gefensa amma ba a taka tsibirin. Tumbatu kuwa mutanenta na da tsare al'adarsu, ba a faɗa musu haka kawai, sai da izinin shugabannin gari.

Kafin ku ba da ko sisi, ku je ku ga jirgin da idonku. Ku ƙirga rigunan ceto, kowa ya gwada tasa. Wani mai jirgi ya taɓa rantse mana cewa suna nan cif, da aka buɗe ma'ajiyar sai ga guda uku, biyu igiyoyinsu sun ruɓe, muka bar masa jirginsa. Ku tabbatar akwai inji mai aiki ko da iska za ta ɗauke, da isasshen ruwan sha. Ku kuma faɗa wa juna gaskiya kan wanda ya iya iyo. Wanda ya koya a kogi ko dam ma ya sa rigar, domin igiyar teku daban ce. Maganin jiri da amai ana shan sa kafin a hau, wanda zuciyarsa ta tashi ya zauna tsakiyar jirgi ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Ku sayi takalmin roba saboda wasu halittu masu baƙar ƙaya da ke kwance a ƙasan ruwa, takunsu na iya ɓata wa mutum sauran hutun.

Salla ba za ta ba ku wahala ba. Galibin matuƙan Musulmi ne, ruwan teku kuma mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ku lura dai alƙibla a can arewa take, kada sabo ya juya ku gabas. Ku sanar da mai jirgi tun farko cewa ba kwa son giya a cikin kaya, domin wasu na haɗawa da ita ba tare da tambaya ba. In za ku shiga ƙauye, a sa tufafin mutunci.

Kuɗi kuwa ku tara a hannun mutum ɗaya, a rubuta komai, har da ihsanin da za a yi wa ma'aikatan jirgi a ƙarshe, don aikinsu mai nauyi ne. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri, kuma takan ɗauki lokaci. Ku tafi da katin rigakafin shawara, sannan tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dala 44. Ka gaya mini watan da kuka tsayar da kuma mutum nawa suka iya iyo, in taya ku jera wuraren daidai da kwanan wata.