Amsa ga ƙanenmu da ke tambaya ko ya karɓi gurbin NCE

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai yau da na dawo daga makaranta don in amsa maka a natse. Ka ce sau biyu kana zana JAMB ba ka samu kwas ɗin da kake so a jami'a ba, yanzu ga gurbi ya fito maka a kwalejin ilimi a fannin ilimin firamare. Mahaifinka yana so ka tafi, abokanka kuma suna ce maka koyarwa aikin wanda ya rasa abin yi ne. Kana so ka san ko akwai makoma a cikinta, kuma ko mutum yakan wuce aji ya kai wani matsayi.

Na fara koyarwa a 2003, bayan na gama NCE, wato takardar shaidar koyarwa da kwalejin ilimi ke bayarwa. An tura ni wani ƙauye da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, aka ba ni aji uku, yara fiye da 90 a ɗaki ɗaya, kusan dukansu a ƙasa suke zama. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ni ban taɓa riƙe ajin da bai ninka haka ba. Allon siminti ne a jikin bango, idan ya koɗe sai mu fasa tsohon batir mu daka baƙin cikinsa mu shafe shi.

A wannan ajin akwai wata yarinya da rubutunta ya fi na kowa kyau. Duk abin da na sa a allo sai ta kwafe shi tsaf, ko ɗigo ba ta bari, idan kuma aji yana maimaita karatu da ƙarfi muryarta ce a gaba. Rannan na kira ta gaban tebur, na rubuta "kaza" a bayan littafinta na ce ta karanta. Ta dubi kalmar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Shekara uku tana zuwa makaranta, zanen haruffa kawai ta iya. Da na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka iya haɗa baƙi da wasali ba su cika goma ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin wata biyu na yi ina cika allo da rubutu ina ganin aiki nake yi.

Daga nan na tara marafan kwalba na rubuta gaɓoɓi a cikinsu, ba, be, bi, bo, bu, na raba yaran gida uku bisa abin da kowa ya iya. Kullum kafin a tashi muna ɗaukar minti 20 muna haɗa kalmomi a kan tabarma. Kafin ƙarshen zango na uku mahaifin yarinyar ya same ni a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya ce ɗansa da ke ci-rani a Legas ya aiko da wasiƙa, kuma karo na farko ke nan da bai kai ta gidan wani an karanta masa ba, 'yarsa ce ta karanta a tsakar gida, sirrin gidansa bai fita waje ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana addu'a. Wannan ranar ce ta sa na zauna a aikin nan, kuma ita ta nuna mini cewa koyarwa sana'a ce da ake zama a koya, kamar ɗinki ko ƙira. Sanin abu daban, iya sa shi a kan yaro ɗan shekara takwas daban.

Yanzu maganar kuɗi, ba zan ɓoye maka komai ba. A aikin gwamnati mai NCE yakan fara a matakin albashi na 07, mai digiri a mataki na 08. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma aiwatarwa ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma malaman firamare, da yake albashinsu daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, su ne sau da yawa ake waiwaya a ƙarshe. Ni kaina na taɓa riƙe takardar ƙarin girma shekara uku ko kwabo bai hau kan albashina ba. Na san bashin mai shago, na san jiran kwasar adashi kafin a sayi buhun masara. Ƙananan makarantun kuɗi kuwa, da yawansu abin da suke biya bai ma kai na gwamnati ba, kuma a wasu idan aka tafi dogon hutu albashi ma ya tafi hutu. Don haka duk malamin da ka ga asirinsa a rufe, za ka tarar yana da gona, ko kiwo, ko darasin yamma, ko ɗan shago da wani ke tsare masa. Ka shiga da wannan shirin tun farko. Abin da nake roƙonka kawai, kada sana'ar ta biyu ta ci lokacin yara. Na zauna da abokan aiki da ke sa hannu a rajista ƙarfe takwas, kafin tara sun hau babur sun tafi neman fasinja. Na san halin da ya kai su ga haka, ba na zaginsu, amma yaran da aka bari suna ta surutu a aji su suke biyan wannan bashin.

Za ka ji ana cewa ai Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Shehu Shagari duk sun riƙe alli kafin su shiga siyasa. Gaskiya ne, kuma Kwalejin Katsina da ta yaye manyan Arewa na farko don horar da malamai aka kafa ta. Sai dai ba na son a lallashe ka da wannan. A zamaninsu malami yana cikin 'yan tsirarun masu ilimin boko a lardi guda, yau kuwa masu takardar NCE da ke zaune ba aiki suna da yawa. Kada ka ɗauka ranar da ka gama za a kira ka. Wasu sukan yi shekaru suna koyarwar sa-kai, kwamitin makaranta yana ɗan ba su na sabulu, kafin hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, ta buɗe ɗaukar aiki.

To me zai bambanta ka da sauran? Na farko, takardu su cika. NCE shekara uku ce, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya tun da aka daina tsohuwar takardar malanta ta Grade II. Bayanta ka zana jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993. A kwamfuta ake yin ta, saboda haka ka saba da linzami da madannai tun kana kwaleji. Na biyu, ilimin ya zama naka ne da gaske. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta sallami fiye da 21,000 da ta ce ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta jayayya a kan adalcin matakin, ni ma ina da nawa ra'ayin, amma tun daga lokacin kowa ya gane takarda kaɗai ba ta tsare kujera. Idan lokacin koyarwar gwaji ya zo, wadda ɗalibai ke kira TP, kada ka bi masu neman makarantar da za a sa musu hannu suna gida. Ka nemi tsohon malamin da yara ke natsuwa a ajinsa ba tare da bulala ba, ka zauna a bayan ajin da littafinka.

Fannin da aka ba ka kuma kada ka raina shi. Mutane suna ganin ilimin firamare shi ne ƙarshen layi, alhali babbar cutar makarantunmu a can take, yaro ya kai aji shida bai iya karanta layi ɗaya da Hausa ba. Shirye-shirye irin su Mu Karanta da aka yi a Bauci da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, duk a kan wannan matsala aka gina su. Wanda ya ƙware a koyar da karatun farko ba ya rasa masu nemansa. Idan kuma kana da ƙarfi a lissafi ko kimiyya ko Turanci, kuma kwalejin ta yarda a canja, nan ma akwai ƙarancin malamai sosai, musamman a karkara.

Game da wuce aji, e, hanya tana nan. Da sakamako mai kyau a NCE za ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ka ga burinka na digiri bai mutu ba. Ni a lokacin dogon hutu na yi nawa a Zariya, ina aiki ina karatu. Cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, ita ma tana da karatu daga nesa, kuma tsoffin kwalejojin ilimi na tarayya na Kano da Zariya yanzu sun zama jami'o'in ilimi. Ka yi digirin da wuri, kafin hidimar iyali ta yi maka yawa. Daga nan akwai hedimasta, akwai jami'in da ke zagayawa yana tallafa wa malamai, akwai masu duba ingancin makarantu, akwai aiki a ma'aikatar ilimi ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ko hukumar tsara manhaja. Malaman sakandare suna samun aikin duba takardun jarrabawar WAEC da NECO. Mai digiri na biyu yana iya koyarwa a kwaleji, inda asusun TETFund ke ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai. Kujerar sakataren ilimi ta ƙaramar hukuma kam, siyasa ta fi yawa a cikinta, kada ka ɗora lissafinka a kanta. Dokar 2022 ta kuma mayar da ritayar malamai shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki, ko da yake ba duk jihohi ne suka fara aiki da ita ba. Abin da na lura da shi, duk wanda ya hau waɗannan kujeru ba tare da ya sha ƙurar alli ba, malamai sukan gane shi daga maganarsa ta farko, kuma ba sa jin shawararsa.

Kafin ka biya kuɗin rajista, ka yi abu ɗaya. Ka je firamaren gwamnati mafi kusa da gidanku, ka gaida hedimasta, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a aji biyu ko uku na tsawon sati biyu. Satin farko kallo kawai za ka yi. A na biyu ka karɓi alli ka koyar da darasi ɗaya kullum, sannan ka kira yara goma, ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowa gajeriyar jimla ya karanta. Ka lura da zuciyarka sa'ad da yaro ya kasa. Idan haushinsa ka ji, kana duban agogo, to ka zauna da Baba cikin ladabi ka gaya masa gaskiya, ku nemi wata hanyar, domin shekara 35 ko 40 a aikin da ba ka so azaba ce gare ka da yaran mutane. Idan kuwa ka koma gida kana ta tunanin dabarar da za ka gwada masa gobe, ka tafi kwalejin nan da ƙarfin gwiwa, kada ka saurari abokanka.

Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri. Idan ka gama sati biyun ka dawo ka gaya mana yara nawa cikin goman suka karanta jimlar, da kalmomin da suka fi ba su wuya, sai in nuna maka yadda ake shirya marafan kwalbar da inda ake farawa.