Firintar 3D Tana Ta Toshewa: In Ɗauki Adashi In Sayo Sabuwa?

Wani ɗan'uwa mai rumfar kayan waya a babbar kasuwar Garwa a Kamaru ya aiko da tambaya. Bara ya sayi firintar 3D, injin da ke narka zaren roba ya gina abu da shi, samfurin Ender 3 a kan sefa 250,000, ya ajiye ta a gida yana buga maƙalan makulli da marfin rimot da ƙananan kayan gyara. Ya ce tun da zafi ya shigo take toshewa, aiki ya yi rabi sai roba ta daina fita. Yana so ya ɗauki kuɗin adashinsa ya sayo babba. Ya ƙara da cewa kwarkwaron roba mai kilo ɗaya yana iso masa daga Duwala a kan 15,000, maƙalin makulli mai giram 20 yana cin awa biyu, yana sayar da shi 500, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yakan lalace.

Malam, bar kuɗin adashin nan a inda yake tukuna. Injinka bai mutu ba. Lissafinka ne ke da ciwo, kuma da shi zan fara.

Giram ɗaya na roba ya tsaya maka sefa 15, wato maƙali ɗaya 300. Kai da ka ga 500 sai ka ɗauka ka ci 200. To ai huɗu kake bugawa ka sayar da uku, don haka robar kowane maƙalin da ya kai rumfa ta koma 400. Sannan injin yana tsufa. Mu ƙaddara kana son ya biya kansa cikin awa 2,000 na aiki, kowace awa 125 ke nan. Awa takwas a kan maƙali uku, kowanne ya ɗauki wajen 330. Ka ga ka haura 700 ba mu taɓa kuɗin wuta ba, ba mu sa wahalarka ba. Wutar ba ta da yawa, ƙaramin inji irin naka yakan ci wat 100 zuwa 150 ne idan ya ɗauki zafi. Amma dai uwar kuɗi kake ci kana kiranta riba. Ka sayo babban inji da wannan farashin, asarar ce za ta girma.

Yanzu toshewar. Robar PLA da yawancin mutane ke amfani da ita tana narkewa a bakin nozul, ɗan tsinin da robar ke fita ta cikinsa, a tsakanin digiri 190 zuwa 220, amma tun daga wajen digiri 60 take fara laushi. Sama da nozul akwai wani ƙarfe mai haƙora da ƙaramar fanka ke hurawa, aikinsa ya hana zafi hawa sama. A Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano, iskar da fankar ke hurawa ita ma zafi ce. Ga ƙurar hunturu da ta daskare a fukafukanta tun Disamba. Sai zaren ya yi laushi tun bai kai inda ya kamata ba, ya kumbura, ya maƙale. Za ka ji injin yana ƙas-ƙas, haƙorin da ke tura zaren yana gurzar sa har gari ya zubo. Idan wannan ƙarar kake ji, shi ne ciwon. Kwance fankar ka share ta da buroshin haƙori, in tana gurnani ka canza ta, kuɗinta bai kai katin waya na mako ba. Dogon aiki kuma ka mayar da shi bayan isha'i ko da asuba.

Akwai kuma farin bututun da zaren ke bi, wanda a irin injinka yake shiga har ya taɓa nozul. Bakinsa yakan ƙone ya yi baƙi, ya bar ɗan giɓi, narkakkiyar roba ta taru a wurin. Zare shi inji yana da zafi, ka yanke ƙonannen da reza a miƙe, kada ya karkace ko kaɗan, ka tura shi har ya dire. Nozul ɗin tagulla mai milimita 0.4 kayan ƙarewa ne kamar fulogin babur. Sayi goma ka zuba a gwangwani. Ban ga dalilin da mutum zai rufe aiki mako biyu yana jiran abu kamar ƙwayar masara ya taso daga Duwala ba.

Idan aiki yana ɓallewa daga farantin da ake buga shi a kai, wanke farantin da sabulu, kada yatsa ya sake taɓa shi, sannan ka daidaita kusurwa huɗun da farar takarda har ka ji nozul yana ɗan jan ta. Farantin ya tsaya a digiri 50 zuwa 60. Bel ɗin da ke jan kan injin kuma ya zama a ɗaure, ba sakwaf ba.

Damina tana da nata. Daga Yuni zuwa Satumba roba tana shan laima, za ka ji tana tas-tas a bakin nozul, aikin ya fito da gashi kamar saƙar gizo. Bokitin fenti mai marfi da ƙullin silika, irin wanda ake samu a kwalin takalmi, ya isa. Kwarkwaron 15,000 bai kamata ya kwana a buɗe ba.

Inda zan yarda ka kashe kuɗi shi ne wuta. Arewacin Kamaru ya dogara sosai da madatsar Lagdo a kan Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani kowa ya san abin da ke biyo baya. Aikin awa shida in wuta ta ɗauke a awa ta biyar, ko da injin ya ci gaba daga inda ya tsaya, sau da yawa farantin ya huce aikin ya saki, ko tabo ya fito. UPS, akwatin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko ƙaramar inbata da batir ta fi maka sabon inji amfani nesa ba kusa ba. Ka kuma leƙa bayan akwatin wutar injin, akwai ɗan maɓalli mai 115 da 230, ka tabbata yana kan 230.

Sai abin da ya fi damuna a wasiƙarka: maƙalin makulli. Na China yana zube a tire kusa da rumfarka, an buga dubbai a masana'anta, ba za ka taɓa kayar da shi a farashi ba. Kasuwarka tana wurin abin da babu shi a kanti. Maɓallin fankar da ya karye, gindin blenda, murfin batirin tsohuwar rediyo, tambarin mai yin kek da sunan shagonta a jiki. Tela da keken ɗinkinsa ya tsaya saboda ɗan roba guda, sallah saura kwana goma, ba zai tsaya cinikin giram da kai ba. Nan ake sa kuɗin awo da zane daban, kuɗin bugu daban, a karɓi rabi kafin a kunna inji. Amma ka kiyaye: duk abin da zai zauna a rana ko cikin mota ko jikin babur, kada ka yi shi da PLA, zai lanƙwashe ya jawo maka jin kunya. Nemi robar PETG, tana son digiri 230 zuwa 250, kuma tana jure zafi har wajen 80.

Manhajar Cura da ake shirya aikin bugu da ita tana nuna maka giram da awa tun kafin ka danna bugu. Sami littafi ka riƙa rubuta su, da abin da aka biya, da wanda ya lalace da dalilinsa, har wata uku. In lalacewar ta sauko zuwa ɗaya cikin goma, kuma ka fara mayar da masu kawo aiki saboda inji bai da sarari, rubuto mini mu duba adashin. Ko a lokacin ma irin wannan ƙaramin zan ce ka ƙara, don kayan gyaransu su zama ɗaya.