Amsa: Gwajin yawu zai iya nuna kansar baki?

Wa alaikumus salam Malam, ka ce wai ka ji ana gano kansar baki ta yawu kawai kana tambaya ko ana yi a Jos. Gaskiya abin yana matakin bincike ne har yanzu. Abin da masana ke aunawa shi ne ƴan sinadaran da ke cikin yawun, kamar kofa (wato jan ƙarfe) da zink da ayon (wato sinadarin ƙarfe), kuma a bincike da dama musamman a Indiya an ga kofa ya fi yawa a yawun masu tauna wani ɗan itace da ake kira arika, shi kansa cike yake da kofa, ba goronmu ba ne fa kar hankalinka ya tashi. Matsalar ita ce abinci da taba da ciwon dasashi duk suna canza waɗannan sinadaran, to ta yaya za ka ce kansa ce?

Ni dai in miki ko farin tabo ko ja ya wuce sati 2 a baki bai warke ba, balle mutum yana shan sigari ko giya, ya wuce JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ɓangaren haƙori. Sai an yanki ɗan naman wurin an duba a lab kafin a tabbatar. Allah ya ƙara lafiya.