Amsar tambayar Kawu kan sandunan ƙarfen hanyar Tibet

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, barkanku da yamma. Na ga hoton da kuka turo na sandunan ƙarfe jere a gefen titi a yankin Tibet na ƙasar Sin, kuna tambaya ko turakun lantarki ne da ba a ɗaura wa waya ba. A'a, ƙasa suke sanyayawa.

To, can wurin, in aka haƙa 'yan mitoci, ƙasar a daskare take da ƙanƙara shekara da shekaru. Muddin tana daskare, kamar kankare take, za ta ɗauki kowace irin mota. Ranar da ta narke kuwa, taɓo ne, titi ya lotsa, ya tsattsage. Ita kwalta baƙa ce, zuƙar zafin rana take tana tura shi ƙasa. Sojojin Amurka sun ɗanɗana wannan a 1942 da suke gina hanyar Alaska, suka kankare ciyawar da ke lulluɓe da ƙasa, ƙanƙarar ta narke, wuri ya koma laka.

Yawwa, sandar nan bututu ce rufaffiya, da ruwan amoniya (wani sinadari mai saurin zama tururi) a ciki, gindinta a binne. Lokacin hunturu, iskar sama ta fi ƙasa sanyi, sai amoniyar ta ɗebi ɗumin ƙasa ta zama tururi, ta hau sama, sanyi ya buge ta, ta koma ruwa, ta gangaro. Haka take ta yi, ba inji, ba mai, ba wuta. Da zafi ya shigo sai ta tsaya cik da kanta, ba ta mayar da zafi ƙasa. Wallahi Kawu wannan dabarar tana burge ni matuƙa.

Akwai kuma ta manyan duwatsu da ake jibgewa ƙarƙashin cikon titi ba tare da an cike ramukan tsakaninsu ba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta nutse ciki ta kwanta.

Layin dogon da Sin ta buɗe a 2006 daga garin Golmud zuwa Lhasa, babban birnin Tibet, kusan kilomita 550 nasa kan irin wannan ƙasa yake. Inda abin ya fi ƙarfinsu gada suka yi a kan tudu, ta Qingshuihe ta haura kilomita 11.

Abin da ke damuna shi ne duniya na ƙara ɗumi, kuma sandunan nan da sanyin hunturu suke aiki. A gaida su Inna.